Abin da Ke Cin Wuyan Yaya

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da injinan ruwanka da sauron da ke taya ka gadin madatsa. Ya maman yara da yaran, in kana samun labarinsu? Ni ma lafiya lau, in ban da wuya.

Auta, ka taya ni gode wa Allah da ya ajiye ni a kasuwar nan. Babu asibitin da ya kai layinmu yawan likitoci, kuma duk ƙwararru ne, ba a yankar kati, ba a bin layi. Ranar da na ce wuyana da kafaɗar hagu suna ciwo, har wanda bai taɓa amsa gaisuwata ba sai da ya leƙo. Mai Maɓallai da ke damana ta ce sanyi ne, in daina kwana da fanka. Mai Takalma da ke haguna ya ce hawan jini ne, ya san shi farin sani, shi ya ɗauke surukarsa. Yana faɗa yana kallon faɗin shagona kamar mai shirin awo. Wani mai yawo da jaka ya sayar min da man shafawa da ya rantse yana maganin wuya da basir da mantuwa. Na shafa, fata ta ɗauki zafi kamar an ɗora dutsen guga, ciwon kuwa ya laɓe a ciki yana jira zafin ya wuce ya ci gaba da aikinsa.

Ga yadda yake. Daga bayan kunne yake tasowa, ya gangara allon kafaɗa, ya bi hannu har yatsu, su riƙa yi min kamar tururuwa na yawo a ciki. In aka kira ni ta hagu sai na juya gaba ɗaya kamar babbar mota. Na canza filo, na kwana babu filo, na kwana a ƙasa. Duk ɗaya.

Ciniki kam alhamdulillahi. Muddin mutane suna da abin ɓoyewa a ɗakunansu, mai sayar da yadin labule ba za ta kwana da yunwa ba. Wayata ba ta sauka daga kunnena tun buɗe shago har rufewa, ka tambayi kowa a layin.

Na ji an ce ana ba ku hutu kafin ruwa ya yi ƙarfi. Ba tambaya nake yi ba. Ɗakin 'yar tawa dai yana nan yadda ta bar shi tun da aka kai ta gidan miji, na share shi shekaranjiya, ba don kowa ba, don yanar gizo.

Direban tankar da ke kai muku mai zai kawo maka wannan, haɗe da ɗan yadi. Ka rataya a tagarka, ka daina barin birai suna kallon ƙanena yana barci.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki da yadin, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Na rataya, ɗakin har ya yi kama da na mutane. Lafiyata ƙalau, yara ma da maman yara an ce suna lafiya.

Yaya, ki bar wasa da wannan ciwon. Kafaɗar hagu da hannun hagu ba abin dariya ba ne, wani da muke aiki da shi haka nasa ya fara, ashe zuciya ce. Don Allah ki rufe shago ko na wuni ɗaya ne ki je asibiti na gaske. Ki daina shafa abin da ba ki san asalinsa ba.

Abin da ya kwantar min da hankali shi ne da kika ce wayarki ba ta sauka daga kunne. Dama ina yawan tunaninki tun rasuwar mai gidanki, ga yarinya ta yi aure ta yi nisa, ina cewa ko kina zaune shiru. Ashe kina da jama'a. Shi ya sa ma in na samu hawa dutsen bayan madatsa, inda sabis yake ɗan leƙowa, na kira ba ya shiga. Sai in ce Yaya tana kan ciniki, in sauko.

Maganar hutu, na so in zo. To, da na ga ba ki rasa masu ɗebe miki kewa ba, sai na bar wa abokin aikina nawa, matarsa ce ta kusa haihuwa. Shi zai ba ni nasa bayan damina.

Ki je asibiti, ki rubuto min abin da suka ce.

Ƙaninki, Auta.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fata abokin aikinka ya isa gida lafiya. Allah ya sauki matarsa lafiya, ya ba ka ladan alheri, tunda kai alherinka daga waje yake farawa.

Maganar hawa dutse kuwa, na karanta na yi dariya har wuyan ya tuna min da kansa. Tun kana ɗan firamare in aka aike ka ka tsaya ƙwallo, kake dawowa ka ce an rufe kantin. Ban taɓa ganin kiranka ko ɗaya ba. Wataƙila dutsen naku aljanu yake kai wa saƙo.

Na je asibiti. An manna min wayoyi a ƙirji, inji ya yi ta zane, likita ya duba ya ce zuciyata lafiya lau. Na ce masa to shi ne mutum na farko da ya faɗi haka. Jini ma bai hau ba, Mai Takalma bai ji daɗin labarin ba. Aka ɗauki hoton ƙashin wuya. Ya ɗaga shi a fitila ya nuna min wani wuri da ya ce ya ɗan matse, yana danne jijiyar da ke zuwa hannu. Ya tambaye ni ko na faɗi, ko ina ɗaukar kaya a ka. Na ce ban faɗi ba, kuma bandir ɗin yadi 'yan dako ke sauke min. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in je sashen gashin ƙashi, inda ake danna mutum ana koya masa motsa jiki, amma sai na yi haƙuri, abin ba ya sauri.

Mai Maɓallai ta ce wane irin haƙuri, ta ja ni wani asibitin kuɗi mai sanyi kamar cikin firji. Likitan can ya kalli hoton nan dai, ya ce aiki za a yi, a buɗe a gyara, in huta gaba ɗaya. Hoto ɗaya, Auta, baki biyu. Ko yadi ne aka yi wa farashi biyu haka, na san ɗaya daga cikin masu shagon yana da hayar da ta matse shi.

Da zan iya jira, da na jira. Amma ran Talata ina yanka wa wata mata labulen falo, hannun hagun da ke riƙe yadin ya mutu, ya saki, almakashi ya tafi a karkace har tsakiya. Shekara nawa ina yanka ban taɓa ɓata ko taƙi ba. Matar ta kalle ni ta ce, "Mama, ko dai a kira miki wani?" Da yamma Mai Takalma ya shigo da fuskar ta'aziyya, ya ce in na ga jikin ya ƙi, kar in ba wa bare shagon, shi maƙwabci ne, bangon tsakani ma katako ne, ba wuyar cirewa.

Ka san ba ni da komai sai shagon nan. Ba don abinci kaɗai ba. In na rufe shi, ina zan tafi da safe?

Kai ne namiji a gidanmu yanzu, ko da yake ni na goya ka. Wuƙa ko gashi? Ka zaɓa min.

Yayarka.

*

Auta,

Gaisuwa. Ina fata kana raye.

Wata ya fita, wani ya shiga, tankar ba ta kawo min komai ba. Na gane. Wanda ya bayar da hutunsa ba zai rasa inda zai kai takardarsa ba.

Na koma wurin mai asibitin sanyi. Ya ce a shirye yake, sai dai dole in zo da wanda zai yi jinyata, ya zauna da ni har in iya ɗaga kofi. Ya ce, "Akwai wanda za ki kira?" Na ce, "Likita, ni da wayata ba ta hutawa?" Na fito na zauna a bencin bakin ƙofa, na yi ta bin sunayen da ke cikin wayar daga sama har ƙasa. Masu kawo yadi, 'yan dako, mai gyaran fanka, da wata lamba da na rubuta wa "kar a ɗauka". 'Yar tawa tana da goyo, ga nisa, ga miji mai lissafin kwanaki. Ban gaya mata ba.

Yanzu da safe sai na zauna a bakin gado na lallaɓa wuyan kafin ya yarda ya bi ni kasuwa. Ɗankwali da hannu ɗaya nake ɗaurawa, yana fitowa kamar na mai gudun gobara.

In ban ji daga gare ka ba, zan ce wa likitan ya yanka. Mai jinya kuwa, ai ana haya.

Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki yi haƙuri. Ruwa ne ya cinye gadar da ke tsakaninmu da titi, tanka ba ta shigo ba sai jiya, wasiƙunki biyu tare suka iso. Na karanta ta biyun kafin ta farko, ban iya cin abinci ba. Lafiyata lau, ruwa dai ya cika madatsa, ba ma barin bakin inji.

Kar ki yarda a yanka ki tukuna. Ni ba likita ba ne, amma a wurin aikinmu in inji yana ƙara ba ma fara kwance shi, sai mun tsaya mun ga me ke sa shi ƙarar. Har yanzu babu wanda ya gaya miki abin da ya jawo ciwon. In aka yanka aka gyara, kika koma kan abin da ya kawo shi, me aka yi ke nan? Ki je gashin. In an gwada bai yi ba, wuƙa ba za ta gudu ba.

Abu ɗaya ban gane ba. Duk mutanen nan da kike wuni kina waya da su, a ce babu ko ɗaya da zai zauna da ke a asibiti? Wace irin jama'a ce wannan?

Kuma Yaya, maganar dutse ba ƙarya nake yi ba. Na bar ƙwallo tun tuni.

Ƙaninki.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na yafe wa gadar, kai ma ka ci albarkacinta. Jiki da sauƙi kaɗan. Ka zauna sosai kafin ka karanta, kuma in ka yi dariya Allah yana ganinka.

Na je gashin. Ɗaki ne dogo mai gadaje da labule tsakani, labulen ma na banza, wanda ya sayar musu ya cuce su. Mai gashin yarinya ce, ba ta girmi tawa ba, hannunta kamar ƙarfe. Ta danna nan ta danna can, ta sa min wani abu mai ɗumi, na ji daɗi, na koma kasuwa, kafin la'asar ciwo ya dawo da ƙannensa. Haka muka yi ta yi. Rannan ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Mama, ni ina gyarawa, wani yana ɓatawa. Nuna min yadda kike aiki."

Na ce, "'Yata, yanka yadi ne, ba dambe ba."

Ta yaye zanen gado ta shimfiɗa a tebur, ta miƙo min almakashin bandeji. Ta ce, "Ni ce mai saye. Ki yi kamar a shago."

Auta, hannu ba ya shawara da mai shi. Kafin in ankara na ciro waya daga jaka, na maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗar hagu, na kwantar da kai a kanta, hagu ta kama zane, dama ta kama almakashi, baki ya buɗe da kansa: "E, ranka ya daɗe, mai ruwan zuman nan? Saura kaɗan fa, ga wata ma a gabana tana dubawa."

Yarinyar ta kalli wuyana. Ta ce, "Haka kike wuni?"

Na ce, "Haka ake ciniki."

Ta zare wayar daga kafaɗata a hankali, ta kalli fuskar wayar. Ta ce, "Mama, ai a kashe take."

To, ga amsar tambayarka. Dabara ce ta kasuwa, ba ni na ƙirƙiro ta ba. Mai saye in ya ga kaya babu mai so, sai ya yi ta ja. In ya ji wani yana nema a waya, sai hannunsa ya tafi aljihu. Kuma doka ta farko, a kashe wayar. Na taɓa ganin wanda ya manta, yana tsakiyar rantse wa babban dila ta yi ƙara a kunnensa, har yau layin bai daina kiransa da sunan waƙar da wayar ta yi ba. Ni ba a kama ni haka. Ina buɗe shago nake kashewa, sai na rufe nake kunnawa.

Da can sai mai saye ya tsaya nake ɗauka. Bayan rasuwar marigayi, ban san ranar da abin ya zarce ba. Shago ya yi shiru, Mai Maɓallai tana hira da jikokinta, Mai Takalma yana faɗa da matarsa a waya, ni kuma ina zaune ana kallona. Sai in ɗauka. Da farko dila nake kira. Daga baya na koma ba marigayi labarin farashi, ina yi wa 'yar tawa faɗa kan yaye, kai ma ka sha zagi ba kaɗan ba, kuma ba ka taɓa mayar min da magana ba, abin da ya sa na fi son ka a waya. Ina ninke yadi, ina shara, ina cin abinci, duk da ita a kafaɗa. Layin kowa ya san ni da jama'a.

Mai gashin ba ta yi dariya ba, na so ma ta yi. Ta ce kan mutum yana da nauyi, in aka kwantar da shi gefe ɗaya wuni guda, shekara da shekaru, dole jijiya ta yi ƙara. Ta ce ba za ta yi min alkawari ba, amma in na daina, na riƙa motsin da ta koya min, akwai kyakkyawan zato ba sai an kai ga wuƙa ba. In yatsun suka ƙara mutuwa kuwa, in koma wurin likita ba tare da jinkiri ba. Ta ce in sayi abin kunne mai igiya, ko in cusa wayar cikin ɗankwali. Na ce, "'Yata, wayar da ba a gani ba ta sayar da labule. Kuma mace tana magana ita kaɗai babu komai a hannu, ai sunan da za a sa mata ba mai jama'a ba ne."

Na zaɓi gashi. Na aika wa mai asibitin sanyi ya ajiye wuƙarsa.

Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan ƙarin sauƙi. Ban yi dariya ba.

Ranar hutuna ta mako kaɗai nake samun hawa dutsen nan, kuma da rana nake hawa, don dole in sauko kafin duhu, hanyar ba ta da kyau. Ina isa sama in zauna a kan wani falalen dutse, in kira ki, in sake kira, in ci burodin da na tafi da shi, in sake kira. Wato duk lokacin nan wayar tana kunnenki, kina zagina, ni kuma ina can ina neman ki.

Ki tambayi 'yar taki ma. Mai goyo da rana take samun sararin kira, in yaro ya yi barci. Ina jin ba ni kaɗai ba ne na ɗauka kin fi ƙarfinmu.

Na nemi abokin aikina ya mayar min da ko rabin hutun, ya ce ya riga ya cinye. Sai ruwa ya ja baya. Dutsen ma yanzu santsi ne, shugabanmu ya hana hawa tun da wani ya zame ya karye. Amma rana ta farko da ya bushe zan hau. Ki bar ta a kunne.

Ƙaninki, Auta.

*

Auta,

Sallama. Ina fata ƙafarka tana ƙasa, kar ka hau min dutse cikin ruwa, mai jinya ɗaya ma ban samu ba balle in zama ta wani.

Na karanta wasiƙarka a shago. Na ce wa Mai Maɓallai ƙurar yadi ce ta shiga min ido. Saƙonnin nan da kamfanin waya ke turowa da yamma in na kunna waya, ina gogewa ban karanta ba, a zatona talla ce. Ban sani ba ko sanarwar kiranka ce a ciki, kuma ba na son in sani.

Wuya yana sauƙi. Tururuwan yatsu sun ragu, jiya na yanka labulen ɗaki guda layi ya tafi sak kamar an ja da zare. Na tabbatar Mai Takalma yana kallo. Ya ce, "Jiki ya yi kyau." Na ce, "Katakon ma ya yi kyau, a bar shi inda yake." Safe da yamma ina tsayawa jikin bango ina ja da haɓa baya kamar kazar da ta ga abin mamaki, ina juya kai dama da hagu a hankali. Mai gashin ta ce in yi kamar ina gaida mutum a kowane gefe. A ɗakina dama akwai kabad, hagu akwai ƙofar ɗakin da na share. Ina gaishe su.

Ciniki ya ɗan ja baya, masu saye sun gano babu wani ranka ya daɗe da ke rububin mai ruwan zuma. Layin kuma sun fara tambaya ko na yi faɗa da mutanena ne. Na ce e, gaba ɗayansu, rana ɗaya.

'Yar tawa ta kira ran Alhamis da hantsi. Ta ce, "Mama, yau wace rana, wayarki ta shiga?" Ba mu daɗe ba yaron ya farka. Amma muryar gaske tana da wani abu, Auta, tana katse mutum, tana tari, tana cewa "me kika ce?" Na manta da haka.

Wayar tana kunne yanzu, ina nufin a kunne take, ba a kunnena ba. Na ajiye ta a kan tebur kusa da almakashi, cike da caji. In hadari ya haɗu in ce yau Auta ba zai hau ba, in rana ta fito in ce wa ya sani. Sai ga shi shekaranjiya mai gashin ta taɓa bayan wuyana ta ɓata fuska, ta ce, "Mama, gefe ya saki, amma nan ya fara ɗaurewa. Me kike wuni kina kallo a ƙasa?" Ta ce sunkuyo ma yana cin wuya, in riƙa ɗaga kai ina kallon gaba.

Kai da ka san inji da abin da ke sa shi ƙara, ka gaya min: wadda ke jiran waya ta yi ƙara, ina ake so ta ajiye idonta?

Yayarka.